Yadda Na Zaɓa wa Kwamfutar Malam Akwati

Ni maƙerin kwano ne. Kurfoti nake yi, da bokiti, da mazurari, da adakar ƙarfe ta ajiyar tufafi. Rumfata tana unguwar Magajin Gari. Tun ina saurayi guduma ke hannuna, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san abin da take ci masa, wato kunne. Nawa na hagu ya daɗe da yin murabus. Na dama yana aiki, amma sai ya ga dama. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Idan mutum yana magana bakinsa nake kallo, abin da kunne ya zubar ido ya tsince, a haka nake zaune da jama'a lafiya.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara cin gemuna. Bayan la'asar muke zama, kwana uku a mako, a wani shago da aka ba mu aro, mai benci huɗu da sola a kan rufi. Ba ni da saurin ɗauka, amma maimaici ba ya gundurata.

Malaminmu mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya koyar a firamare har ya yi ritaya, ya zauna garinmu yana noman masara. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai harshensa bai yarda da haruffa masu ƙugiya ba. Ƙofa a wurinsa kofa ce, ɗaki kuma daki. Ni Makeri yake ce mini. Ya san da haka, ba ya ɓoyewa. Shi ya sa da muka zo kan shifta ya ce ba zai cuce mu da bakinsa ba. Ya roƙi wata tsohuwar abokiyar aikinsa, Bazazzagiya, ta karanta kalmomi, aka naɗi muryarta aka zuba a kwamfuta. Ita ke faɗa, mu muna rubutawa.

To, kwamfuta ba ta da leɓen da zan kalla. Kuma matar nan ɗai-ɗai take jefo kalmomin: baki, baƙi, kafa, ƙafa, bari, ɓari. Da a cikin zance ne da ban sha wuya ba, don ba wanda zai ce baki sun sauka gidansa. Amma idan kalma ta zo ita kaɗai, kunne kawai zai raba ta da 'yar'uwarta.

Ɗan Malam da ke Kaduna ne ya harhaɗa masa kwamfutar. Kayan cikinta sababbi ne, amma akwatin tsoho ne, zungurere, ya kusa rabin adaka. A bayan babur Malam yake ɗaure ta, domin kwana biyu a mako yana kai ta ƙauyen Gayam inda yake da wani aji. A bayanta akwai wata 'yar fanka da ba ta fi murfin gwangwanin madara ba, amma ihunta kamar an ba sauro lasifika. Idan bazara ta kankama kuwa, sai ta yi ta ihu har ta gaji ta kashe kanta a tsakiyar kalma.

Wata rana Malam ya dafa ta ya girgiza kai ya ce, "Kwamfutan nan tana da kara."

Abokin zamana a benci wani Bafulatani ne mai kiwo ta gefen dajin Kamuku. Ba ardo ba ne, mu muka naɗa shi Ardo, shi kuma Kaɗo yake ce mini. Ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare ya ce, "Malam, wallahi ba ta da kara ko kaɗan. Da tana da kara, da ta yi shiru manya suna karatu."

Malam ya fi kowa dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba, saboda a ranar ya sanar da mu cewa ƙarshen zango za a yi babbar shifta. Wanda ya ci zai wuce aji biyu, ranakunsu daban. Wanda ya faɗi zai zauna tare da sababbin shiga.

Da na koma gida, mai ɗakina tana zuba mini tuwo ta ce, kamar abin da ba komai ba, "Ka ji mijin yarinyar nan ya ba da sunansa a makarantarku?"

'Yarmu ta fari take nufi. Na ajiye lomar da na yanko. Surukina mutumin kirki ne, idan ya hango ni daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. Yanzu a ce mu zauna benci ɗaya, a ce in tashi in rubuta ƙafa a allo in rubuta kafa, Ardo ya ƙyalƙyale da dariya, shi kuma bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa? Idan na faɗi shiftar nan, karatuna ya ƙare ke nan. Ni kuwa ban so ya ƙare ba. Na fara karanta allon kan hanya da kaina, na ɗanɗana abin.

Na yi tunanin in gaya wa Malam gaskiya. Amma idan na ce kunne ne, kafin mako ya zagayo duk kasuwa za a koma yi mini magana da ihu kamar ana kiran mai kwalekwale. Idan na ce ƙarar ce, sauran za su ce su suna ji. Ƙarar tana damun kowa, amma ni kaɗai take kayarwa. Sai na ga ashe gyaran shi ne ta kayar da kowa.

Ni nake fara zuwa aji, ni nake taya Malam sauke kwamfutar daga babur. Murfin gefenta noti huɗu ke riƙe da shi. Yana juya baya zai jingine babur, na sa bakin 'yar wuƙar aljihuna na sassauta ɗaya, rabin juyi kawai. Zama na gaba na ƙara masa rabi. Mako na biyu na koma kan ɗan'uwansa. Ban yi gaggawa ba. Na san waƙar kwanon da ɗaurinsa ya saki, na kuma san ba a so ta fara da ƙarfi.

Kafin mako na uku, idan aka kunna ta sai ka rantse injin niƙa ne. Wata mata ta leƙo da ƙwaryar dawa a ka, ta ga allo da benci, ta koma tana waige. Malam ya cusa takarda a tsagar murfin, ta faɗo. Ya ɗora dutse a kai, dutsen ya kama rawa. Ardo ya ce a ba shi ita kwana ɗaya ya ɗaure ta da igiyar shanu ta ladabtu. Aka yi shiftar gwaji, ajin gaba ɗaya ya zube, har wani tela da bai taɓa faɗuwa ba. Ni kuwa na zauna da fuskar tausayi ina cewa, "Kai, abin nan dai sai haƙuri."

Malam ya kira ɗansa a waya. Ɗan ya ce akwatin ne ya tsufa, a je wurin mai gyara na kusa da tasha a zaɓi ƙarami a juye kayan ciki, sauran magana tsakaninsa da mai gyara ne. Malam ya ce mini, "Makeri, kai ka san karfe. Ranar kasuwa ka raka ni."

Ardo ba a gayyace shi ba. Ya kawo ɗan maraƙi kasuwa, ya hango mu da kwamfuta a babur, ya bar maraƙin a hannun dillali ya biyo mu.

Shagon mai gyara cike yake da wayoyi da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Mutum ne mai fara'a, ya ba mu benci, ya tambayi irin wanda muke so. Malam ya ce ƙarami, wanda zai zauna a babur bai karkata shi cikin rami ba. Na ce mai shiru. Mai gyara ya ce shi kuma dole ya ƙara da mai shan iska, in ba haka ba kayan ciki su ƙone a ce shi ne.

"Baba," ya ce mini, "abubuwan nan ba su cika zama gida ɗaya ba. Idan akwati ya ƙanƙance, iska ta matsu. Idan iska ta matsu, zafi ya taru. Zafi kuwa shi ke sa fanka ihu. Amma ku duba."

Tun kafin ya gama sauko da su, Ardo ya riga ya yi zaɓinsa. Wani ne mai gilashi gaba da gefe. Mai gyara ya jona masa wuta, fitilu suka kama zagaye a ciki, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi.

"Shi ke nan, a ɗaure mana wannan," in ji Ardo. "Ko ba a yi karatu ba a yi kallo."

Na zagaya shi ina neman inda iska za ta shiga. Wata 'yar tsaga kawai na samu a gefe, ba ta fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Na ce, "Ardo, ka taɓa bin hanyar Gayam da damina a babur? Kafin Malam ya kai rabi, a buhu za a kwaso wannan."

"Kai dai Kaɗo, duk abin da ba kwano ba ne ba ka ƙaunarsa."

Malam kuma ransa ya kwanta da wani ɗan baƙi mai santsi, a rufe ruf ta ko'ina, an manna soso a cikin bangonsa. Ya shafa soson ya ce abin da aka rufe haka ba yadda za a yi sauti ya fito. Aka yi sa'a kwamfutar mai gyara ta aikin shago a cikin irinsa take. Ya kunna mana. Tsit. Malam ya kalle ni ya buɗe hannuwa, wato magana ta ƙare.

Na ce, "A ba ta aiki mai nauyi tukuna, mu je mu yi azahar mu dawo."

"Makeri, rana tana yi."

"Ai ranar nake so ta yi, Malam."

Mai gyara ya saka mata abubuwa da yawa su yi ta gudu a lokaci guda. Ni da Ardo muka tafi masallaci, muka bar Malam a benci yana ɓare gyaɗa. Ban yi sauri ba. Bayan salla na tsaya na gaisa da duk wanda na sani, har da waɗanda rabin sani na yi musu. Da muka dawo, tun daga bakin ƙofa kunnena na dama ya ji ta. Malam yana tsaye, ya ɗora tafin hannu a kan ɗan baƙin akwatinsa ya janye.

"Kamar bayan tukunya," ya ce.

Na ce, "An lulluɓe ta da bargo a bazara, dole ta yi haki."

Mai gyara ya sosa ƙeya ya ce gaskiya shi ma da rana fankar tsaye yake juya mata.

Wanda na zaɓa ba ya ma cikin waɗanda aka sauko da su. A ƙarƙashin tebur na hango shi, an ɗora masa tsofaffin caja. Ɗan gajere ne mai faɗi, tsayinsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu, gabansa raga, samansa raga. Ardo ya leƙa ya ce, "Wannan ai akurki ne. Kaji nawa yake ci?"

Ban kula shi ba. Na ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa. Na kuma ƙwanƙwasa sauran don Malam ya ji bambanci. Su suna amsawa da amo kamar murfin tukunyar banza, shi kuwa ɗif ya yi ya yi shiru. Kwanonsa mai kauri ne, an naɗe bakinsa ciki, ƙafafunsa na roba. Wanda ya yi shi ya san aikinsa. A ciki akwai fanka biyu manya, ɗaya a gaba ɗaya a sama, kowace ta kai faɗin tafin hannuna da yatsu a buɗe.

Malam ya ce, "Karama daya ta hana mu sakat, ka ce mu dauki manya biyu?"

Na ce masa ya tuna zugazugin maƙera. Ƙarami sai ka yi ta fama da shi da sauri yana huci kafin wuta ta ji. Babba kuwa dannawa ɗaya a hankali ta isa. Mai gyara ya ce haka abin yake, babbar fanka a natse take juyawa ta kwashi iska mai yawa, ƙarama ce ke gudu tana kuka.

Saura a ga ko kayan ciki za su shiga. A tsakiyarsu akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, shi ke zuƙe zafi, kuma yana da tsayi. Idan ya fi zurfin akwatin, murfi ba zai rufu ba. Na karyo tsinken tsintsiya na ce a buɗe tsohuwar in auna. Sai da maganar ta fita bakina na tuna abin da ke jikin murfin.

Mai gyara ya ɗauko sukudireba, ya sa a noti na farko, ya tsaya. Ya murza shi da yatsa kawai ya fito. Na biyu ma haka. Ya kai su kusa da ido.

"Malam, wa ke taɓa muku kwamfuta? Waɗannan ba girgizar hanya ba ce. Ga sawun wuƙa nan a kansu."

Na duƙufa ina auna ƙarfen nan da tsinke kamar raina a kansa yake. Na kai tsinken cikin sabon akwatin, ya shiga har da ragowar kaurin yatsa. Na ce, "Alhamdu lillahi, zai rufu."

"Makeri," in ji Malam a hankali, "wane irin bera ne yake yawo da wuka?"

Ardo ya zauna a ƙasa don dariya. "Na faɗa! Kullum shi ke riga kowa zuwa, ana cewa himma ce. Kaɗo, mako uku kana niƙa mana kunne!"

Ban ga amfanin musu ba. Na ce wa mai gyara da Ardo su ba mu wuri, Ardo ya ce ko da sanda ba za a fitar da shi ba. Sai na faɗa a gabansu. Na faɗi maganar kunne, na faɗi maganar suruki. Da na zo kan suruki Ardo ya daina dariya, domin su Fulani sun fi mu sanin wannan kunya. Ya ce, "Kai, wannan kam ba daɗi."

Malam ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Da ka gaya mini, da na matso da kai gaba tun tuni. Zan matso da kai. Amma ranar shifta ba zan yi maka kara ba."

A wannan karon kara yake nufi, harshensa bai yi kuskure ba. Ya kuma yanke mini hukunci: in ƙera wa babur mazaunin akwati, mai shimfiɗar roba, a rumfata, da kwanona. Na ce na karɓa.

Mai gyara ya juye kayan ciki cikin akurkin Ardo. Wayoyi suka yi cunkus a gaban fanka, na yanko robar cikin taya muka ɗaure su gefe guda don iska ta sami hanya. Da aka kunna, na aika aka sayo mini turaren tsinke. Haka nake gwada kurfoti idan na gama, in ga ko yana jan iska. Na kunna na kara a gaban raga, hayaƙi ya shige ciki sumul. Na mai da shi sama inda ya kamata iska mai zafi ta fita, sai na ga nan ma ciki yake shiga.

Na ce, "Ta saman nan a kife take. Duka biyun ciki suke turawa, ba mai fitarwa."

Mai gyara ya ce a haka ta zo. Ya kwance ta ya duba, ga 'yar kibiya a gefenta tana nuna ƙasa. Ya juya ta. Na sake kara turare a gaba, muka sa ido, hayaƙi ya shiga ta gaba ya fito ta sama siriri kamar daga bututu.

"Baba, zan saci wannan dabarar," ya ce.

Ardo ya ce duk da haka zanzaro zai shiga ta ragar ya gina gida, ya ga yadda suke yi wa rediyonsa a ruga. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Na yanko ƙyallen tsohon gidan sauro muka shimfiɗa ta bayan ragar gaba. Na gaya wa Malam ya riƙa cire shi yana kakkaɓewa, in ba haka ba shi ma ya zama bargo.

Ranar babbar shifta an yi zafi irin wanda ƙadangare ma ke neman inuwa. Malam ya zaunar da ni bencin gaba, kunnen dama wajen lasifika. Ya danna kwamfuta, ya jira, ya sake miƙa hannu zai danna, tela ya ce, "Malam, a kunne take, ga 'yar fitilarta nan."

Muryar matar nan ta fito, ban taɓa sanin haka take da daɗi ba. Ta ce baƙi, na ji ƙugiyar ta ƙwanƙwasa a maƙogwaronta sarai. Ta ce ɓari, ta ce fada, ta ce faɗa. Na yi ta rubutu. Daga ƙarshe ta karanta jimloli, ta ƙarshensu ita ce, "Ƙura ta taso daga daji."

Malam a nan take yake maki, kowa yana zaune. Da ya zo kan takardata ya daɗe. Na san ina da kurakurai, na manta babban harafi a wurare, na rubuta hannu da harafin n guda ɗaya. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya cire tabarau.

"Makeri, kuskure daya ya yi maka yawa, ka fadi. Na ce maka ba kara."

Na ce a nuna mini. Ya nuna jimlar ƙarshe, ya ja jan layi a ƙarƙashin kalmar farko. A takardar amsarsa kura aka rubuta, ba ƙugiya.

Na ce, "Malam, ƙura ta ce."

"Kura ce mana," in ji Ardo daga bayana. "Me zai taso daga daji in ba kura ba? Ni da nake kwana a bakin Kamuku za ka gaya wa?"

"Idan shanunka suka taso da yamma, me ke tasowa tare da su?"

Aji ya rabu biyu, kowa yana kare abin da ya rubuta. Ni dai ban ɗaga murya ba. Na ce a sake kunna wurin, in kura ta ce, ni da kaina zan ɗauki littafina in tafi. Malam ya ce kowa ya yi shiru. Ya mai da muryar baya ya saki.

A da, da sai dai a yi ta gardama har magariba. Yanzu kuwa ba abin da ke motsi a shagon sai muryarta. Ta faɗa, ƙugiyar ta fito ƙwal, har na bencin baya ya ji. Malam ya sake kunnawa, ya karkato da kai, ya kuma kunnawa karo na uku. Sannan ya ɗauki takardar amsarsa ya duba ta sama da ƙasa. Ya ce abokiyar aikinsa ta waya ta turo masa amsoshin, wayarta kuma ba ta da haruffa masu ƙugiya, shi ya bi da biro yana saurare yana saka musu.

"A cikin wane mako kuka yi wannan aikin, Malam?" in ji tela.

Malam ya kalle ni ta saman tabarau. "A makon injin nika."

Ya sa biro ya lanƙwasa wa harafin kai a takardarsa, ya soke jan layin da ke tawa, ya rubuta cewa na wuce. Daga nan ya ce duk wanda ya rubuta kura ya dawo da takardarsa. Mutum biyar suka miƙe suna hararata. Huɗu suna da sauran rata, suka tsira. Ardo a bakin gaɓa yake, wannan ɗayan ya tura shi, ya faɗi, zai zauna da sababbin shiga.

Har bakin hanya ya biyo ni yana cewa shi dai har gobe kura ya ji, kuma matar nan ba ta taɓa kwana a daji ba. Na ba shi haƙuri, na ce in yana so ya riƙa biyowa ta rumfata ranar kasuwa mu yi bitar masu ƙugiya.

Ya tsaya ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Surukin nan naka, yana da ƙoƙari?"

Na ce ban sani ba, ban taɓa tambayarsa ba.

"To ka aika a gaya masa bencin gaba na hagu nawa ne. Ya zauna kusa da ni, kuma ya riƙa rubutu manya-manya."